Aiki daga Saudiyya da mutanen da ba sa ganinka: tambayoyi da amsoshi kan yi musu magana da Turanci tun kafin su tambaya

Tun 2020, shekarar da korona ta sa aka dakatar da Umara aka kuma taƙaita aikin Hajji, neman abinci ta kwamfuta ya samu gindin zama a tsakanin matasanmu Hausawa na Makka, Jidda, Madina da Riyad. Wani yana fassara daga Larabci, wata tana amsa koke-koken masu sayayya a wani kamfani, wani yana rubuta manhaja, wata kuma tana koyar da yara karatun Alƙur'ani alhali suna Ingila ko Amurka. Abin da ya haɗa su shi ne shugabansu da abokan aikinsu suna wata ƙasa, kuma Turanci ne harshen aikin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin masu irin wannan aiki, musamman sababbin shiga.

Me ake nufi da a riga su magana?

Ka faɗi inda aikinka ya kwana tun kafin a ce maka "ina aka kwana?" Idan za ka makara, a ji daga bakinka kafin ranar ta zo. Idan ba ka gane umarni ba, ka tambaya yau, kada ka bari sai ka ɓata kwana uku kana yin abin da ba shi aka sa ka ba. Idan ba za ka kasance a kan layi ba, a san da haka tun da wuri, a kuma san lokacin da za ka dawo. Iyakarta ke nan.

Aikina yana tafiya daidai, ban taɓa makara ba. Me ya sa sai na yi ta kai rahoto?

Saboda ba wanda yake ganinka. A ofis, ko ba ka ce uffan ba, mudir, wato shugaban ofis, yana wucewa ya gan ka a kan kujera, ya ga takardu a gabanka, ya ga fuskarka ya san ko akwai damuwa. Wanda yake Landan ko Dubai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake gani kawai sunanka ne da ɗan ɗigon kore ko toka a gefensa, mai nuna ko kana kan layi.

A wajenmu shiru ma magana ce, kuma sau da yawa alamar lafiya ce: da akwai matsala ai da an ji. A irin wannan aiki ba haka ake karanta shiru ba. Shugaban da ya kwana biyu bai ji ɗuriyarka ba zai fara saƙe-saƙe: ko ka manta, ko ka maƙale, ko kana yi wa wani kamfanin aiki. Daga nan sai ya fara bibiyarka da tambaya, kai kuma ka ji kamar ba a yarda da kai ba, alhali layi uku da safe da sun kashe maganar. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Aikinka yana riƙe da na wasu. Mai zane yana jiran fassararka, mai tallace-tallace yana jiran mai zane. In sun san Laraba za ka gama, sai su tsara makonsu a kan haka. In ba su sani ba, zaman jira za su yi.

Makarantar Larabci na yi, Turancina bai taka kara ya karya ba. Ba gara in yi shiru da in yi ta kwaɓa ba?

A'a, ɗan'uwa. Wannan tsoron shi ya fi cutar da mutanenmu, musamman haifaffun nan da Larabci ya zauna a bakinsu, Turanci kuwa sai a aji. Ka sani cewa mafi yawan masu magana da Turanci a duniya ba harshen uwarsu ba ne. A tawagar da kake ciki mai yiwuwa akwai ɗan Indiya, ɗan Filifin, Bamisire da Bajamushe, kowa da irin lafazinsa da irin kurensa. Ba wanda ya ɗauke ka aiki don ka burge shi da nahawu.

Tun 1959 Muryar Amurka ta fara gabatar da labaran duniya da wani sauƙaƙƙen Turanci mai kalmomi wajen 1,500, kuma da su ta riƙa ba da labarin siyasa, kimiyya da tattalin arziki. In har waɗannan sun isa a karanta labaran duniya, sun isa ka ce ka gama shafi goma sha biyu, saura takwas. Ka riƙe gajerun jimloli, kowace jimla magana ɗaya. Ka sa lambobi da ranaku. Ka guji manyan kalmomin da ba ka tabbatar da ma'anarsu ba. Saƙon da yake da kuskure biyu amma ya zo a kan lokaci ya fi tsararren saƙon da ya zo bayan an gama neman ka.

Waɗanda suka taso a Najeriya kuma matsalarsu daban ce. Turancin yana nan, amma akwai maganganun da sai ɗan gida ke ganewa. Ka ce wa Bature "I'm coming" ka tashi ka fita, zai zauna yana jiran ka shigo ne. "Next tomorrow" kuwa bai san ta ba sam. Ka ambaci sunan ranar, ka huta.

To yaya ake tsara saƙon rahoton?

Abu uku: me ka gama, me ya rage da ranar da zai kammala, me kake buƙata daga wani. Ka fara da abin da ya fi muhimmanci. Sojojin Amurka suna da ƙa'idar rubutu da ke cewa a sa ƙarshen magana a layin farko, kuma kamfanoni da yawa sun ara, domin mai karatu a waya ba lallai ya kai layi na biyar ba.

Ɗauki misalin mai fassara a Jidda da aka ba ta shafuka 20 na wani kantin intanet ta mayar Larabci. Ranar Litinin bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi shirin makaranta, ta buɗe Slack, manhajar da abokan aiki ke tura wa juna saƙo, ta rubuta:

"Update on the Arabic pages: 12 of 20 are done. The rest will be ready on Wednesday, 3 pm Riyadh time. I still need the price list to finish page 14."

Ta ce 12 cikin 20 sun kammala, sauran za su zo Laraba ƙarfe uku na rana agogon Riyad, kuma tana jiran jerin farashi kafin ta ƙarasa shafi na 14. A lokacin da ta tura, mutanen Landan suna barci. Da suka farka saƙon yana jiransu, mai jerin farashin ya san shi ake jira, shugabar kuma ba ta da abin tambaya. Rubutun bai ci mata minti biyu ba.

Sau nawa za a yi? Ya danganta da tawaga. Wasu kullum suke so, wasu sau biyu a mako. Tambayi shugabanka, ka bi abin da ya ce.

Mu ba ma shiga magana sai mun gaisa. Su kuma sai ka ga saƙo ba ko sallama. Rashin tarbiyya ne?

Ba rashin tarbiyya ba ne, tarbiyyar ce daban. A 1976 wani masanin al'adu Ba'amurke, Edward T. Hall, ya yi bayanin cewa al'ummomi sun bambanta wajen inda suke ajiye ma'ana. Wasu suna zuba komai a cikin kalmomin da aka furta. Wasu kuma rabin maganar tana cikin alaƙa, murya, da abin da aka bari ba a faɗa ba. Mu da Larabawan da muke zaune da su muna ɓangare na biyu. Bahaushe zai tambayi gida, iyali, gajiya da sanyi kafin ya kawo abin da ke tafe da shi, kuma mai sauraro ya riga ya fahimci nauyin buƙatar daga tsawon gaisuwar. Bajamushe ko Ba'amurke yana ɓangaren farko, kuma a wajensa girmama mutum shi ne kada a ci masa lokaci.

Ban ce ka yar da gaisuwa ba. Ina ganin tana daga cikin abin da ke sa abokan aiki su saki jiki da mutanenmu, kuma a kiran bidiyo minti ɗaya na tambayar lafiya ba ya ɓata komai. Abin da za ka kiyaye shi ne a rubuce kada ka tura gaisuwa ita kaɗai ka zauna jiran a amsa. Ka rubuta "Hi" da ƙarfe goma na safe a Madina, mutumin yana New York bai farka ba, ya amsa bayan awa bakwai, kai kuma lokacin ka tashi daga aiki. Yini guda ya tafi ba a taɓa maganar ba. Ka haɗa su a saƙo ɗaya: gaisuwa rabin layi, sai buƙatar gaba ɗayanta, yadda zai iya ba ka amsa ko kana barci.

Zan iya cewa in sha Allah a saƙon aiki?

Me zai hana? Umarni ne na addini ga mai faɗin abin da zai yi gobe, kuma ba wanda zai ce ka bari. Amma kada ta maye gurbin rana da lokaci. Baƙin da suka yi hulɗa da ƙasashen Larabawa wasunsu sun saba jin ta a inda mai magana ba ya son ɗaure kansa da alkawari. Don haka ka haɗa ta da wa'adi: Alhamis ƙarfe huɗu, in sha Allah. Sannan ka cika. Bayan wata biyu za su san me kalmar take nufi a bakinka.

Na ga alamar ba zan cika wa'adi ba. In faɗa yanzu, ko in dage ko Allah zai sa in gama?

Faɗa yanzu. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan, domin a nan ne kunya da kawaici, waɗanda ado ne a gida, suke juyewa su cuci mutum. An raine mu a kan kada mu kai wa babba labari mara daɗi, kada mu nuna gazawa, mu haɗiye wahala mu yi ta fama. Sai mutum ya ga tun Litinin cewa aikin Alhamis ba zai yiwu ba, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya hana idonsa barci, ranar Alhamis da dare ya turo doguwar ban-haƙuri.

Duba abin daga inda shugaban yake. Da ya ji ranar Litinin, yana da zaɓi: ya ƙara maka mutum, ya rage aikin, ko ya kira mai kayan ya nemi ƙarin kwana biyu cikin mutunci. Da ya ji ranar Alhamis da dare, ba shi da ko ɗaya. Shi ma sai ya je ya ji kunya a gaban nasa shugaban. Abin da zai riƙe a ransa ba makarar ba ce, kowa yana makara. Abin da zai riƙe shi ne ka sani ka ɓoye.

Saƙon ba ya buƙatar tsawo. Ka faɗi abin da ya faru, dalili a jimla ɗaya, da abin da kake iya yi:

"I won't make Thursday's deadline. The file arrived with missing pages. I can send the first half on Thursday and the rest on Monday. Does that work for you?"

Wato Alhamis ba za ta yiwu ba, saboda takardar ta zo da giɓi, amma rabin farko zai zo Alhamis, sauran Litinin, ko hakan ya yi? Lura da cewa babu layi biyar na neman gafara. "Sorry" ɗaya ta wadatar in laifin naka ne. Yawan ban-haƙuri yana binne abin da suke son sani, wato yaushe kayan zai iso.

Haka nan idan ka maƙale a kan wani abu. Ka ba kanka iyaka, misali awa ɗaya. In ba ka warware ba, ka rubuta abin da kake son yi, abin da ka gwada, da inda ya tsaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar da ta nuna an riga an yi ƙoƙari ba ta zubar da girman kowa.

Ranakun hutunmu ba su zo ɗaya da nasu ba. Yaya ake yi?

Tun 2013 Saudiyya ta mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, a maimakon Alhamis da Juma'a. Turai, Amurka da Najeriya suna hutu Asabar da Lahadi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta koma Asabar da Lahadi tun farkon 2022, da rabin yini ranar Juma'a a ma'aikatun gwamnati. Ke nan in kana bin makon nan, kwana huɗu kacal kuke haɗuwa da su, Litinin zuwa Alhamis.

Kada ka ɗauka sun sani. Yawancinsu ba su taɓa tunanin akwai inda Lahadi take ranar aiki ba. Ku yi maganar tun ranar da ake ƙulla yarjejeniya: makon Saudiyya za ka bi, ko nasu? In nasu ne, ka fitar da lokacin sallar Juma'a a fili, ka toshe shi a kalanda. In naka ne, to saƙon yammacin Alhamis shi ne mafi muhimmanci a makonka. Ka faɗi abin da ka gama, inda ka ajiye shi, abin da ya rage, da hanyar da za a same ka in gobara ta tashi:

"I'm off Friday and Saturday, back on Sunday. All files are in the shared folder. If something is urgent, text me."

Lahadi kuma riba ce gare ka. Ba taro, ba mai damunka. Ka yi aikin da ke son nutsuwa, ka bar musu rahoto su tarar ranar Litinin.

Sau biyu ina kuskuren lokacin taro. Ina matsalar take?

Mai yiwuwa canjin agogo ne. Saudiyya tana gaban agogon GMT da awa 3 duk shekara, ba ta matsawa. Ingila kuwa tana tura agogonta gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka tazararku da Landan awa 3 ce da sanyi, awa 2 da zafi. Amurka tana canzawa a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba: New York tana bayanku da awa 8 da sanyi, awa 7 da zafi. Najeriya da Nijar ba sa canzawa, kullum awa 2 ne. Indiya tana gabanku da awa biyu da rabi.

Kada ka rubuta lokaci ba tare da sunan gari ba. Kada kuma ka rubuta kwanan wata da lambobi zalla: 03/04 a wajen Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wajen ɗan Ingila 3 ga Afrilu. Rubuta sunan watan. Wanda ya saba lissafi da watannin Hijira shi ma ya mayar da shi Miladiyya kafin ya tura.

Sallah, azumi, da lokacin Hajji fa? Ina jin nauyin in yi ta kawo uzurin addini.

Ba uzuri ba ne, jadawalinka ne, kuma jadawali abu ne da ake sanarwa. Safiyar New York tana faɗowa daidai La'asar da Magaribarmu. Magariba a Makka tana yawo tsakanin kusan shida saura kwata a Disamba zuwa bakwai da 'yan mintuna a Yuni, don haka taron da bai taɓa sallarka ba a watan Yuli yana iya cin karo da ita a Disamba. Ka sa minti goma sha biyar a kalanda, ka rubuta "Prayer break". Mafi yawan mutane suna mutunta abin da aka gaya musu a fili tun da wuri. Abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya ɓace a tsakiyar taro ba bayani.

A Ramadan dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6 a rana ko 36 a mako, a maimakon 8 da 48. Wannan ya shafi wanda yake aiki a ƙarƙashin dokar ƙasar. In kamfaninka na waje ne, abin da kuka rubuta a yarjejeniya shi ne abin bi, don haka ka tayar da maganar mako biyu ko uku kafin azumi, ka kuma zo da shawararka a hannu: ga awannin da zan yi, ga waɗanda ba zan samu ba saboda buɗa-baki da Tarawihi. Ka tuna musu cewa watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kada su ɗauka lokacin bara ne.

Ƙaramar Sallah tana da nata sarƙaƙiyar, domin sai an ga wata Kotun Ƙoli ta sanar, a daren. Baƙo ba zai gane yadda za a ce mutum bai san ranar hutunsa ba. Ka ba su ranaku biyun da ake sa rai, ka ce za ka tabbatar da zarar an sanar. Babbar Sallah da sauƙi, tun shigar Zulhajji an san ranar. Ka ƙara musu da 23 ga Satumba, ranar ƙasa, da 22 ga Fabrairu, ranar kafuwar daula, in kana hutawa a cikinsu.

Mazauna Makka da Madina kuma sun san abin da lokacin Hajji da Umarar azumi yake kawowa. Kawu ya sauka daga Kano, gwaggo daga Damagaram, kowa da lambarka a hannu. Wannan a raka shi Shara Mansur sayayya, waccan a kai ta asibiti, kuma ba ka isa ka ce kana da taro ba. Haƙƙi ne, ba kuma za a fasa ba. Amma ba abin mamaki ba ne, kowace shekara yana zuwa. Ka nemi rage aiki ko hutun kwanakin tun wata guda kafin alhazai su fara sauka.

A taron bidiyo suna magana da sauri, rabi yana wuce ni. In yi ta cewa "yes"?

Kada ka kuskura. A wajenmu "to" tana iya nufin na ji, ci gaba. A wajensu "yes" tana nufin na gane, na yarda, na ɗauka. Ka ce: "Sorry, could you say the last part again, more slowly?" Ba wanda zai raina ka, sau da yawa ma akwai wasu a taron da suka ji daɗi da ka tambaya. Zoom, Teams da Google Meet duk suna iya rubuta abin da ake faɗa a ƙasan allo, ka kunna.

Bayan taro ka rubuta abin da ka fahimta an ɗora maka, layi biyu, ka fara da "Just to confirm". In ka ji ba daidai ba, za a gyara maka nan take. In daidai ne, ka samu shaida a rubuce.

Ni mace ce, ba na son kunna kyamara. Zai zama matsala?

Ki faɗa tun farko, sau ɗaya, ba tare da dogon bayani ba: kin fi son shiga da murya. Tawagogi da yawa ba su damu ba. Sai dai tunda ba sa ganin fuskarki, ki bari su ji muryarki. Ki yi sallama in kin shigo, ki ce wani abu a kowane taro, ki riƙa rubutu a akwatin hira. Kyamara a kashe da baki a rufe, su biyun tare, su ne ke sa a manta da mutum.

Slack, imel, ko kira?

Abin da ya shafi kowa, a zauren tawaga na Slack. Abin da ake son ya zauna a matsayin hujja, kamar kuɗi, hutu ko canjin yarjejeniya, a imel. In rubutu ya kai komo uku ba a fahimci juna ba, a yi kira na minti biyar, sannan a rubuta abin da aka tsayar. Doguwar murya irin wadda muke tura wa juna a WhatsApp ba ta da kasuwa a nan: ba a iya bincika ta, kuma wanda ke cikin taro ba zai saurara ba.

Ba za a ɗauke ni mai neman suna ko mai fadanci ba?

Bambancin a bayyane yake. Mai fadanci yana magana a kan kansa, mai rahoto yana magana a kan aikin. In saƙonka yana taimaka wa wani ya yanke shawara ko ya ci gaba da nasa, ya cancanci a tura. In ba ya yi, bar shi. Kamfanoni irin su GitLab da Automattic, waɗanda ma'aikatansu ke warwatse a ƙasashe da dama, a kan rubutu suka gina tafiyarsu, har GitLab ta wallafa kundin tsarin aikinta a intanet kowa yana iya karantawa. A irin waɗannan wurare wanda ke rubuta abin da yake yi ba a ganinsa mai surutu. Shi ne wanda ake tunawa in an tashi ƙarin girma, domin aikinsa ne ake iya nunawa.

Shugabana ya kawo tsarin da na san ba zai yi aiki ba. Ya girme ni, yaya zan ce masa a'a?

Girmamawa tana nan, amma a wajensu ɓoye abin da ka hango ba ladabi ba ne. Sau da yawa kai kaɗai ne ka san ƙasar. In sun shirya ƙaddamar da talla ga 'yan Saudiyya ranar Juma'a da azahar, ko sun tsara shafin Larabci daga hagu zuwa dama, wa zai faɗa musu in ba kai ba? Don wannan sanin aka ɗauke ka.

Ba sai ka ce ya yi kuskure ba. Ka ce "I see one risk with this plan", wato ka hango haɗari ɗaya, ka faɗe shi, ka kawo mafita, ka bar masa hukunci. In abin zai iya kunyata shi, ka same shi shi kaɗai. Haka kuma in an ƙara maka aiki alhali hannunka cike yake, kada ka karɓa don kunya. Ka lissafa abin da ke gabanka, ka tambaye shi wanne za a fara.

Zan iya amfani da Google Translate ko ChatGPT su gyara min saƙo?

Za ka iya, kuma suna taimakawa, musamman wajen gano kuskuren nahawu. Amma ka fara rubutawa da kanka, sannan ka ba su su duba, in ba haka ba shekara za ta zagayo Turancinka yana inda yake, ranar kiran bidiyo kuma ba mai ceto. Ka karanta abin da suka ba ka kafin ka tura, domin sukan mayar da layi biyu su zama sakin layi uku masu daɗin baki. Abu na ƙarshe, kada ka liƙa musu sunayen abokan ciniki, lambobin waya ko sirrin kamfani. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, kuma kusan kowane kamfani yana da nasa sharaɗin a kan haka. Tambayi abin da aka halatta.

Mako mai zuwa zan fara. Me zan yi a kwanakin farko?

Tun ran gini ran zane. A ranar farko ka tura gajeren saƙon gabatar da kai: sunanka, garin da kake, agogonka, ranaku da awannin aikinka. Sannan ka nemi minti goma sha biyar da shugabanka ka yi masa tambayoyi huɗu: sau nawa yake son rahoto, a ina yake son sa, cikin awa nawa ake sa ran ka amsa saƙo, da wa za ka nema in shi ba ya nan. Ka rubuta amsoshin, ka tura masa ya tabbatar.

Ka kuma gaya masa abin da za ka yi in intanet ɗin gida ta yanke. Layi na biyu a waya, ko na STC, Mobily ko Zain, wanda ba shi ne na gidan ba, ya isa ka tura layi ɗaya cewa intanet ta fitar da kai daga taro kuma za ka dawo nan da minti goma. Ka ajiye lambar mutum ɗaya na tawagar a wayarka tun ranar farko saboda wannan.